Tambayoyi da Amsoshi Kan Sauya wa Iyaye Mazauni da Sayar da Gidan Iyali

Gidajen da ke tsofaffin unguwannin Kano, irin su Yakasai, Ƙoƙi, Madabo da Fagge, da takwarorinsu na Zariya, Katsina da Sakkwato, an gina su ne domin jama'a mai yawa: zaure, soro, turaka, ɗakunan mata da na samari, da tsakar gida mai rijiya. A yau da yawa daga cikinsu babu kowa a ciki sai dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya da jikan da aka ba ta riƙo, domin 'ya'ya mata sun yi aure, maza kuma sun yi gini a Hotoro, Na'ibawa ko Rijiyar Zaki, wasu ma aiki ya kai su Abuja ko Legas. Amsoshin da ke ƙasa sun dogara ne a kan dokar filaye ta Najeriya da kuma mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa suke aiki da ita.

Yaushe ya dace a fara maganar tashi daga gidan?

Ya dace a fara ta tun dattijon yana da ƙarfinsa da cikakken hankalinsa, domin maganar da aka ɗauko a bakin gadon asibiti ba ta cika yin kyakkyawan ƙarshe ba. Alamomin da ke nuna lokaci ya yi ba ɓoyayyu ba ne. Idan tsohuwa ta taɓa zamewa a bakin rijiya ko a banɗaki, ko gidan ƙasa ne wanda kowace damina sai an yi yaɓe an gyara indararo alhali babu mai tsayawa a kan aikin, ko lungun ya yi ƙunci har mota ba ta iya shiga ta ɗauki marar lafiya da tsakar dare, ko kuma an wayi gari rabin ɗakunan a kulle suke sai gara da ɓeraye, to bai kamata a ci gaba da yin shiru ba. Fara magana ba ya nufin a sayar da gida a wannan shekarar. Sau da yawa dattijo yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu yana juya zancen a ransa kafin ya amince, kuma wannan jinkirin haƙƙinsa ne.

Ta yaya za a buɗe maganar ba tare da an ɓata masa rai ba?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne 'ya'ya su gama ƙulla shawara a tsakaninsu, wani lokaci ta WhatsApp, sannan su zo wa mahaifinsu da ita a matsayin abin da aka riga aka yanke. Dattijo yana gane wannan tun daga yadda aka shigo aka zauna, kuma abin da zai ji a ransa shi ne ana raba gadonsa yana da rai. Abin da ya fi shi ne mutum ɗaya wanda ya fi jin maganarsa ya same shi a keɓe, ya fara da damuwar da ake da ita, kamar ya ce: “Baba, hankalinmu ba ya kwanciya da kwanan da kuke yi ku kaɗai a gidan nan, me kuke ganin ya kamata a yi?” Daga nan sai ya yi shiru ya saurara. Wanda ya dace da wannan aiki ba lallai ne ya zama babban ɗa ba, domin uwa mai alkunya ba za ta saki jiki ta yi doguwar magana da ɗan farinta ba, amma za ta faɗa wa autarta ko ƙanwarta abin da ke ranta. A wasu gidajen ƙanin uba, ko limamin unguwa, ko abokin da suke zaman ƙofar gida tare, shi ne ya fi cancanta. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i ta hana ɗa ya ce wa iyayensa ko da “tir” idan tsufa ya riske su a wurinsa, kuma maganar gida tana cikin wuraren da ake yawan karya wannan hani cikin rashin sani.

Idan ya ce ba inda za shi, sai dai a fitar da gawarsa daga gidan, me za a yi?

Idan gidan nasa ne kuma hankalinsa lafiya yake, maganarsa ita ce ƙarshe, a shari'a da kuma a doka. Yana da kyau a fahimci abin da yake karewa, domin yawanci ba ginin ne ba. Yana kare masallacin da yake sallah a sahun farko shekara arba'in, da dakalin da ake zuwa a gaishe shi, da maƙwabtan da suka san shi tun yana da ƙarfi, da kasancewarsa mai gida wanda ake kawo wa ƙara da neman aure. Wanda aka kai shi ɗaki mai sanyi a bayan katanga mai tsawo, inda ba wanda ya san sunansa, ya yi asarar duk wannan a rana guda, kuma 'ya'yan da suka kashe kuɗi mai yawa sukan yi mamakin ganin yana ramewa.

Akwai hanyoyi tsakanin zama a yadda ake da sayarwa gaba ɗaya. Ana iya gyara ɓangare guda na gidan da bulo da siminti a mayar da shi ciki da falo da banɗaki, a ba da sauran haya ga mutanen kirki waɗanda za su zama abokan zama. Ana iya fasa shaguna a gaban gidan idan yana bakin hanya, kuɗin hayar ya riƙa ɗaukar nauyin magani da cefane. Ana iya kuma ɗaya daga cikin 'ya'ya ko jikoki ya tare a gidan da iyalinsa. Wasu iyalan sukan gwada zaman wucin gadi, wato dattijon ya je gidan ɗansa ya yi damina ko watan azumi, gidansa yana nan a kulle da makullinsa a aljihunsa, kuma irin wannan gwajin ya fi kowace doguwar muhawara bayyana gaskiya.

Mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu ce a gidan. Za mu iya sayarwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma kafin a amsa ta dole ne a san gidan na wane ne. Idan na mahaifiyar ne, ta saya ko ta gada ko an ba ta, to babu wanda yake da iko a kansa sai ita. Idan na marigayin ne, to daga ranar da ya rasu ya zama na magada baki ɗaya, kowa da rabonsa, bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan ya bar 'ya'ya, kuma idan matan sun fi ɗaya, wannan tumunin ne za su raba a tsakaninsu. Sannan ba a tayar da mace daga gidan mijinta tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma.

Misali zai nuna inda matsalar take. A ɗauka mutum ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa sun riga shi rasuwa, babu bashi babu wasiyya, aka sayar da gidan naira miliyan 40. Matar za ta sami miliyan 5. Sauran miliyan 35 za a kasa su gida 7, kowane namiji ya ɗauki miliyan 10, kowace mace miliyan 5. Lissafin daidai ne, amma sakamakonsa shi ne matar da ta yi shekara hamsin a gidan ta fita da abin da da wuya ya saya mata matsuguni a unguwar da ta saba. Saboda haka, a ganina, kada a kira dillali sai an rubuta inda uwar za ta zauna da wanda zai ɗauki nauyin hakan. Magada suna da damar su yarda a jinkirta rabon muddin tana raye, ko kowa ya ba da wani abu daga rabonsa a saya mata ƙaramin gida da sunanta. Sai dai wannan kyautatawa ce da ake yi da yardar kowa, kuma idan akwai 'yan uba waɗanda ba ita ta haife su ba, ko marayu ƙanana, ba za a tilasta musu su bar haƙƙinsu ba. Duk magajin da ya nemi a raba yana iya kai magana kotun shari'a, kuma idan gidan ba ya rabuwa ba tare da ya lalace ba, alƙali yakan sa a yi masa ƙima a sayar a raba kuɗin.

Akwai kuma gidajen da gado ya hau kan gado, wato tun na kaka ba a raba ba har 'ya'yansa suka fara rasuwa. Irin wannan ba aikin zaman falo ba ne. A kai wa malamin da ya san ilimin rabon gado, sannan a tabbatar da rabon a gaban alƙali a karɓi takarda, domin 'yar gwaggon da aka manta da ita tana iya rushe cinikin bayan shekara goma.

Ɗaya daga cikinmu yana so ya sayi gidan don kada ya fita daga dangi. Yana da fifiko?

Yana da shi a wani yanayi. A mazhabar Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a, wanda ke bai wa abokin tarayya a gidan da ba a riga an raba ba damar karɓar rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, a kan farashin da baren ya biya. Wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba ya da shi a wannan mazhaba, ko da yake kyakkyawar al'ada ce a fara yi wa maƙwabci tayi. Abin lura shi ne ɗan'uwa ya saya a kan ƙimar kasuwa, ya biya a lokacin da aka yanka, a rubuce. Cinikin “zan riƙa ba ku a hankali” shi ne ya fi raba zumunci, kuma waɗanda suka fi cutuwa a cikinsa su ne 'yan'uwa mata, waɗanda kunya kan hana su yin tuni.

Mahaifinmu yana so ya raba mana kuɗin gidan tun yana da rai. Ya halatta?

Ya halatta, amma sunansa kyauta, domin babu gado sai bayan mutuwa. Ana so ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa, kamar yadda ya zo a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da aka yi wa ɗa guda aka bar sauran. Sharaɗi mai muhimmanci a Malikiyya shi ne wanda aka yi wa kyautar ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Uban da ya ce ya bai wa wance gidan da yake zaune a ciki, amma bai fita ba har ya rasu, ya bar wa 'ya'yansa shari'a, domin irin wannan kyautar takan koma cikin gado. Haka kuma kyautar da aka yi a cikin ciwon ajali hukuncinta na wasiyya ne, kuma babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada.

Ko da ya halatta, ɗa mai hankali zai ba mahaifinsa shawara kada ya raba duka. Dattijon da yake da abin hannunsa yana ba jikoki kuɗin kashewa, yana kai gudummawar biki da sadakar mutuwa ba tare da ya roƙi kowa ba, kuma wannan wani yanki ne na mutuncinsa.

Idan gigin tsufa ya kama shi fa?

Cinikin wanda ba ya gane abin da yake sa wa hannu ba ya inganta, kuma dangwala yatsan tsoho a takarda alhali bai san me ake ciki ba zalunci ne wanda kotu take iya warwarewa. Takardar wakilci ma tana da amfani ne idan ya ba da ita yana cikin hankalinsa. Hanyar da ta dace ita ce a sami rahoton likita, a je gaban alƙali ya naɗa wanda zai kula da dukiyarsa, kuma ba za a sayar ba sai don maslahar dattijon kansa, kamar magani da mazauni. A sani kuma cewa mai wannan lalura yakan ƙara rikicewa idan aka raba shi da wurin da ya sani, saboda haka a nemi shawarar likitansa kafin a motsa shi.

Ina ya fi dacewa ya koma?

A al'ada uwa takan koma gidan ɗanta namiji, domin zama a gidan mijin 'ya yana da nauyin surukuta wanda yawancin tsofaffi ba sa iya ɗauka. Amma zama da matar ɗa ma yana da nasa sharuɗɗan. Matar da ta yi shekaru tana juya tukunyarta ba za ta ji daɗin jiran a zubo mata ba, ita ma matar gidan tana da haƙƙin sakewa a ɗakinta, kuma hidimar uwar miji kyautatawa ce daga gare ta wadda ya kamata a nema da girmamawa a kuma gode mata. Abin da ya fi zaunar da gida lafiya shi ne a ware wa tsohuwar sashenta, da ƙofarta, da banɗakinta, da ɗan wurin da za ta dafa abin da ranta yake so, sannan a samo mai taimaka mata. Idan za a sayi ƙaramin gida ne, kusanci ya fi kyan gini muhimmanci: kusa da masallaci, kusa da ɗa ko 'yar da za ta riƙa leƙowa kullum, da hanyar da mota za ta bi zuwa asibitin da yake ganin likita ko da an yi ruwan sama. Gidan da ke nesa da tsohuwar unguwa da tafiyar adaidaita sahu ɗaya ya fi wanda sai an hau uku.

A cikin ginin kuwa, a guji bene da matakala mai tsawo, a guji tayil mai santsi musamman a banɗaki da wurin alwala, a sa masai na zama da ƙarfen dafawa a jikin bango, a tanadi kujerar wanka da fitila mai caji ko ta sola wadda za ta haska hanyar banɗaki da dare. Karayar ƙugu a wurin tsoho babbar musiba ce, kuma yawancinta a cikin gida take faruwa.

Yaya za a yi da kayan da aka tara shekara da shekaru?

A fara da takardu kafin komai: na gida da na gonaki, na fansho, katin asibiti, katin zama ɗan ƙasa, da duk wata takardar bashi ko ajiya. Tsofaffi sukan ɓoye irin waɗannan, har da kuɗi da gwal, a ƙasan adaka, cikin gafaka, cikin kwalla ko a ƙullin tsohon zane, saboda haka kada a fitar da komai daga ɗaki sai an buɗe shi an duba, kuma a yi hakan a gaban mai kayan. A tambaye shi kuma ko akwai amanar wani a hannunsa, domin dattijan unguwa su ne ma'ajiyar mutane.

Sauran kayan a bar mai su ya yanke hukunci, ko da abin zai ɗauki makonni. Abin da ɗa yake gani tarkace, kamar tsofaffin kwanukan jere, tasoshi, fanteka da gadon ƙarfe mai rumfa, a wurin uwarsa kayan ɗakinta ne da iyayenta suka kawo ta da su. Ta fi samun sauƙin rabuwa da su idan ita ce ta miƙa da hannunta, ta ce wannan na wance ne, wancan na jikanya ce idan ta tashi aure. Manyan tukwane, turmi da tabarmi na taron biki sukan amfani wani gidan a dangi ko a unguwa. Alƙur'anai, alluna da littattafan addini a kai su makarantar allo ko masallaci, kuma idan akwai rubutun hannu na kakanni, na Larabci ko na ajami, kada a bari ya bi 'yan gwangwan, domin irinsa ba a sake samu. Abin da ya rage a kira dillaliya ko masu sayen tsofaffin ƙarafa, kuɗin kuma a danƙa wa mai kayan komai ƙanƙantarsa. Idan kayan na mamaci ne, to su ma gado ne, ba a rabar da su sai da yardar magada.

Waɗanne takardu ake buƙata wajen sayarwa?

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake da shi kuwa haƙƙin zama ne, wanda takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, take tabbatarwa, yawanci na shekara 99 ga gidan zama. Sashe na 22 na dokar ya ce ba a mayar da wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar gwamna, kuma a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sharaɗin ya shafi har gidajen birni da aka mallaka tun kafin a kafa dokar. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke da hurumin haƙƙin zama na gargajiya. Harkar rajista da bincike tana hannun hukumomin filaye, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja.

Yawancin gidajen cikin birni ba su da wannan takarda, sai tsohuwar takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci, wasu ma sai shaidar maƙwabta kawai. Ana sayar da irin waɗannan gidaje kullum, amma farashinsu yakan yi ƙasa da na masu cikakkiyar takarda. Idan gidan gado ne, a haɗa da takardar kotu ta rabon gado, kuma kowane magaji baligi ya sa hannu da kansa ko ta wakilin da ya naɗa a rubuce. A ɗauki lauya ya rubuta yarjejeniyar, a faɗi iyakokin gidan ta gabas da yamma, kudu da arewa, a warware maganar katangar tarayya da magudanar ruwa, kuma idan akwai kabari a cikin gidan, kamar yadda ake samu a wasu gidajen malamai, a bayyana wa mai saye tun farko a nemi fatawa.

Ta yaya za a san farashin gaskiya, kuma yaya za a yi da dillalai?

A nemi ƙima daga dillalai biyu ko uku waɗanda ba su san da juna ba, a kuma bincika nawa aka sayar da gidajen da ke kusa a 'yan watannin nan. Gida mai tsada ya cancanci a biya ƙwararren mai ƙima mai rajista. A tsohon gidan ƙasa, fili ake saye da wurin da yake, saboda haka kashe kuɗi wajen fenti da kwaskwarima ba ya ƙara komai. A yanka la'ada tun kafin a fara, a san nawa ce da wanda zai biya, kuma a dage sai mai gida da mai saye sun zauna ido da ido an faɗi farashi a gaban shaidu, domin a nan ne ake toshe ƙofar ɗora riba a ɓoye. Kada a ba kowa takardun asali ya tafi da su, kwafi ya isa. Kada kuma a bari kasuwa ta san cewa iyalin a matse suke, domin gidan da aka ji ana neman kuɗin asibiti da shi ba ya yin daraja.

Yaya za a karɓi kuɗin, kuma ina za a ajiye su?

Ta banki, cikin asusun mai gidan kansa. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kuma ko ba don doka ba, kwana da buhun kuɗi a gidan tsoho ganganci ne. Kada a dogara da saƙon waya, a tabbatar daga bankin cewa kuɗin sun shiga kafin a miƙa takardu da makulli. A rubuta a yarjejeniya wa'adin tashi, wata biyu ko uku, don kada a wayi gari mai saye ya turo magina alhali ba a gama shirya sabon wuri ba.

Ajiye kuɗin zube na tsawon lokaci asara ce. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, wanda ke nufin kuɗin da ya isa sayen gida a farkon shekara ba zai isa ba a ƙarshenta. Don haka ya fi kyau a nemo sabon gidan kafin a sallama tsohon, a yi cinikin biyu kusa da juna. Ragowar ana iya sa ta a abin da ke kawo haya, ko a sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya wanda aka fara fitarwa a 2017, ko a ajiye a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, ga wanda yake son hakan. A tuna cewa inshorar ajiya ta hukumar NDIC, wadda ke biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, tana tsayawa ne a naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci guda. Abin da ya fi cinye kuɗin tsofaffi kuwa shi ne rancen cikin gida, ɗa ya karɓa zai ja jari, suruki ya karɓa zai kawo kaya. Duk wanda zai karɓa ya karɓa a rubuce da sanin sauran. Idan dattijon ya ce zai sauke farali da kuɗinsa, wannan zaɓinsa ne, aikin 'ya'ya shi ne su tabbatar an ware na mazauni da na magani.

Akwai zakka a kan kuɗin?

Gidan zama ba a yi masa zakka, amma kuɗinsa idan suka kai nisabi, wato ƙimar dinari 20 na zinariya, kuma suka shekara a hannu daga ranar da aka karɓe su, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Wanda ya ajiye naira miliyan 20 har shekara ta zagayo, idan sun kai nisabi, zai fitar da dubu 500.

Me za a yi da 'yan haya da kuɗin wuta?

A sanar da 'yan haya a rubuce da wuri. Idan babu wata yarjejeniya ta daban, ƙa'idar da aka saba ita ce wata shida ga mai biyan shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata. A biya bashin wuta da na ruwa da harajin fili a ajiye rasit, a kuma sauya sunan da ke kan mita. Akwai kuma waɗanda ba haya suke ba, kamar almajirin da ke kwana a zaure ko wata 'yar'uwa da aka ba ɗaki shekaru da yawa, kuma dattijon ba zai sami natsuwa ba sai ya san inda za su.

Yaya za a tafiyar da ranar tashi da makonnin da ke biye?

A ba shi dama ya yi sallama yadda ya kamata, ya bi maƙwabta gida gida a yafi juna, a sanar a masallaci, a yi sadaka idan yana so. A shirya sabon ɗakin kafin ya iso, a sa gadonsa, buzunsa, rediyonsa da butarsa a inda hannunsa ya saba samunsu, magungunansa kuma su kasance a jakar da ke tare da shi, kada su shiga cikin kayan da aka loda a mota. Idan mai saye zai rushe gidan, ba dole ne ya gani ba.

Watanni uku na farko su ne masu wuya. A kai shi ya gaisa da limami da mai unguwar sabon wurin, a sa masa kujera ko tabarma a ƙofar gida idan ya saba da hakan, a ajiye masa lambobin abokansa a waya, kuma a tsayar da rana, kamar Juma'a, da za a riƙa kai shi tsohuwar unguwa ya yi sallah ya zauna da mutanensa. Idan an yi rasuwa ko suna a can, a kai shi ko da bai tambaya ba. A lura da cin abincinsa da barcinsa, kuma idan aka ga ya daina magana, ko yana kwana da rana yana farkawa da dare, ko yana ta tambayar yaushe za a koma gida har bayan wata biyu, a kai shi wurin likita a faɗa masa cewa an sauya masa mazauni kwanan nan.